Ranar da Tsohon Direba Ya Tambaye Ni Katanga

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta su, amma wani yammacin Asabar a filin tashar motar Illela ba zai taɓa fita raina ba. Ranar ce aka fara kayar da ni a muhawara, kuma wanda ya kayar da ni bai taɓa zama a benci ya riƙe biro ba.

Bari in faɗa ba tare da wata kunya ba, Allah Ya ba ni baki. Malamin sakandare ne ni a lokacin, ni ke horar da ɗalibai gasar muhawara, kuma tun ina ɗalibi ba wanda ya taɓa rufe mini baki a gaban jama'a. Da wannan aka san ni, da shi nake taƙama. A Kano na yi karatu, na dawo gida da Hausar rediyo, na daina cewa “mi” na koma “me”. Mutanen garinmu kuwa ba sa barin irin wannan ya wuce, sai suka laƙaba mini Malam Me. Ni har daɗin sunan nake ji, a ganina shaida ce ta wayewa.

Lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ne. 'Yan kasuwa da direbobi suka ce sun gaji da motocin lasifika masu wucewa da waƙa, suna son manyan jam'iyyun biyu kowace ta turo mutum ɗaya ya tsaya ya yi magana a madadin ɗan takararta, a ji abin da kowa zai yi da boda, wato iyakar ƙasa. A Illela ba maganar da ta fi wannan, domin Birnin Ƙwanni na nan gabanmu a ƙetaren iyaka, 'yan mintoci a babur, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da auratayya da can. Shugaban jam'iyyarmu na ƙaramar hukuma ya zo makaranta da kansa ya ce ni za a tsayar. Na tambaye shi wa ɗaya ɓangaren ya tsayar, ya ce wani tsohon direban tasi ne da ya daɗe da ajiye tuƙi. Na san shi, sa'an mahaifina ne. Na yi dariya na ce, “Shugaba, minti biyar sun ishe ni.”

Duk da haka na shirya, don ni ba na raina fage ko da na raina abokin karawa. Na zauna da waya na kalli muhawarorin 'yan takara na talabijin ɗaya bayan ɗaya, na ɗebi salonsu. Ka kalli jama'a, kada ka kalli abokin hamayya. Ka lissafa hujjoji da yatsu. Ka yi tambaya ka ba kanka amsa kafin wani ya ba ka. Sannan ka sami jimla ɗaya mai ƙarfi ka riƙa maimaita ta har ta zauna a kunne. Wannan jimlar ban ma wahala wurin nemanta ba, tana cikin takardar da aka aiko daga ofishin kamfe na Abuja, an fassara ta da Hausa tsaf: ɗan takararmu zai tsare iyakar ƙasa daga baƙin haure. Na karanta ta da ƙarfi, na ji ta yi daɗi a baki. Na sha jin kalmar a labaran rediyo, ban taɓa tsayawa na buɗe cikinta ba.

Bayan la'asar filin ya cika. 'Yan canji sun rufe teburansu, 'yan kabu-kabu sun jera babura suna zaune a kai, har manoman albasa daga Amarawa sun zo. Wani malamin Islamiyya da gari ke girmamawa shi aka ba alƙalanci, ya ajiye agogonsa a kan tebur. Can baya aka shimfiɗa wa mata tabarmi, kuma Innata na cikinsu. Ba mai zuwa taron siyasa ba ce, amma da safe ta ce mini kullum ana ba ta labarin bakina, yau tana son ta ji da kunnenta.

Ni na fara, kuma wallahi na yi magana. Na lissafa da yatsu, na tambayi kaina na ba kaina amsa, na kawo batun 'yan bindigar da suka hana mutanen ƙauye kwana da ido biyu rufe. A ƙarshen kowace hujja sai in ɗaga hannu in ce, “Wa zai tsare mu daga baƙin haure?” Karo na farko aka yi tafi sosai. Karo na biyu matasan jam'iyyarmu ne kaɗai suka yi. Karo na uku na lura manya sun yi shiru, amma na ɗauka maganar ce ta shige su. Na zauna ina gyara hula, shugaba ya dafa kafaɗata ya ce an gama.

Tsohon ya miƙe a hankali. Bai riƙe takarda ba, bai kuma yi ko ɗaya daga cikin abubuwan da na koya ba. Ya yi sallama, ya gaida alƙali, ya gaida sarkin tasha, ya gaida mata, ya tambayi manoma ya ruwa. Ina kallon agogo ina murmushi, rabin lokacinsa ya tafi a gaisuwa. Sai ya juyo ya kalle ni ido cikin ido, ya yi wa mahaifina addu'ar rahama, ya ce, “Ɗana ya yi magana, Allah shi ƙara basira. Ni ban iya wagga magana ta ƙirga yatsu ba. Tambaya guda gare ni, don ni jahili na. Malam, mi a haure?”

Na buɗe baki, alƙali ya ɗaga hannu, lokacinsa ne ba nawa ba.

“Mu dai nan,” in ji shi, “in anka ce mutum ya yi haure, katanga yah haura, bai bi ƙohwa ba, bai yi sallama ba. Aikin ɓarawo na. To ni shekara da shekaru ina bin hanyag ga ta Ƙwanni, ban ga katanga ba. Kuma akwai wata amarya da nid ɗauko daga can cikin motata, rana tsaka, mata na guɗa, makaɗa na gaba, munka kawo ta gidan abokina. Ga ta can zaune bisa tabarma. Malam, ka gwada man katangad da tah haura.”

Ban san ni ne na fara juyawa ba ko jama'a. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har tafin ƙafata. Mahaifiyata 'yar Ƙwanni ce, kawunnaina duk suna can, ni kaina kowace Salla can nake yini, amma duk kwanakin da na yi ina maimaita jimlar nan gaban madubi ko sau ɗaya fuskarta ba ta zo mini ba.

Tsohon bai ƙara komai a kan ɗan takararsa ba sai jimla biyu, ya yi godiya ya zauna. Alƙali ya ce ina da minti uku na martani. Shugaba ya matso kunnena ya ce, “Ka ce 'yan bindiga kake nuhi, ya juya maka magana na. Ka taka shi!” Kuma zan iya. Amsar na bakina a shirye: in ce tsoho ya rasa hujja ya koma jawo iyayen mutane cikin siyasa. Matasanmu za su yi ihu, a tashi a ce an yi canjaras, sunana ya tsira. Amma in na yi haka, kalmar na nan daram, Inna kuma za ta koma gida da ita.

Na ninke takardar na sa aljihu. Da na karɓi lasifika, Hausar rediyo ta ƙi fitowa, ta gidanmu ce ta fito. Na ce, “Baba, ka yi gaskiya. Kalmag ga ba tawa ta ba, aro nay yi wurin waɗanda ba su san Illela ba, kuma na maishe ta. Babu katanga tsakaninmu da Ƙwanni. Inna, ki gahwarta man. Duk wanda yaz zaka da sallama, rana tsaka, ɗan'uwa na. Wanda nika tsoro shi a mai ratsowa ta daji da bindiga, kuma shi ba shi tambayak ko kai ɗan Illela na ko ɗan Ƙwanni kahin shi kore maka shanu. Wanga shi nika son a tsare, kuma har yanzu ina ganin ɗan takararmu ya hi iya tsare shi.” Wani ɗan canji ya ɗaga murya daga baya ya ce, “Yau Malam Me ya koma Malam Mi!” Sai a lokacin aka yi dariya, ni ma na yi.

Alƙali ya ce tsoho ya yi nasara, kuma ya yi daidai. Shugaba ya shige mota ko sallama bai yi mini ba. Na je na durƙusa gaban tsohon, ya riƙe hannuna ya ce minti ukun ƙarshe sun fi goman farko, da da su na fara da bai san abin da zai ce ba.

Na isa gida gab da magariba. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na durƙusa na sake ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe tun a fili, kuma ta ji bakin da ake ba ta labari, ba a yi ƙarya ba. Sai ta buga rariyar a tafin hannu ta ce, “Abu guda dai. Shekara arba'in ina gidan ga, ba soja ba kwastan ba wanda yat taɓa ce man baƙuwa, sai wanda nig goya.” Ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Har yau ina muhawara, kuma har yau ba a cika kayar da ni ba, wannan kam ba zan yi ƙaryar tawali'u ba. Amma tun daga ranar na daina aron kalma don ta yi daɗi a baki. Duk wadda zan furta a gaban jama'a, sai na fara tambayar kaina a kan wa za ta faɗa. In na ga za ta iya faɗawa kan mai zaune a tabarmar baya, ko da Abuja ce ta aiko ta, a aljihu nake barin ta.