Ranar da Kaka ta Toshe Kwandona

Gidanmu na Badarawa gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, da bishiyar mangwaro wadda kowa ke cewa tasa ce sai in an zo sharar ganye. Da an yi magariba, an ɗauke wuta kamar yadda aka saba, duk yaran gidan wuri ɗaya muke nufa, bakin murhun Kaka, mahaifiyar Babanmu. Ba ta yarda da risho ba, ta ce abincinsa warin kananzir yake yi. Duwatsunta uku suna nan a kusurwar katanga, ita kuma tana kan 'yar kujerarta da faifan da take saƙawa a cinya. Da damina masara take gasa mana, sauran lokaci gyaɗa ko dankali a cikin toka. Har yau in na ji ƙamshin masara a bisa garwashi sai in ji ina son in naɗe ƙafafuna in zauna a ƙasa.

Naɗe ƙafafun nan kuwa aiki ne a wurina, don Allah ya yi ni doguwa tun ina ƙarama. Ina aji shida na firamare na riga na wuce malaminmu tsawo. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa Baba ke kirana Uwani, amma ita da bakinta ban da Gwangwala ba ta da wani suna da take kirana.

"Ke Gwangwala, janye waɗannan sandunan naki, kada ki ture mini wuta," in ji ta kusan kullum. "Ban san inda kika samo tsawon nan ba. A danginmu dai kowa yana shiga ɗaki ba tare da ya gaida ƙofa da goshi ba."

Sai yara su kwashe da dariya, ni kuma in turo baki, ita kuma ta zaɓo masarar da ta fi kowace gasuwa ta miƙo mini a ɓoye.

Akwai wani abu game da Kaka da ya kamata a sani. Baba ne ɗanta na fari, ita kuma irin tsofaffin da ce masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Tela ne a Babbar Kasuwa, don haka Tela take ce masa, shi ma ba a gabansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a gefenta sai ta ce da ni, "Ki ce wa Tela tuwonsa zai huce." Shi kuma ya ce, "Ki ce wa Inna na ji." Mu yara abin dariya yake ba mu. Ba mu san cewa a gidan nan ba wanda Baba yake jin maganarsa kamar wannan tsohuwa da ba ta yi masa magana ba.

Da na shiga sakandare ne Malama Rifkatu, malamar wasanni, ta tsayar da ni a bakin fili ran nan, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke, duk wannan tsawon kina yawo da shi a banza?" Ta ɗora mini ƙwallon kwando a hannu ta nuna mini zoben da ake jefa ta a ciki. Jifa na farko ko allon bai taɓa ba. Amma wallahi daga ranar nan na kamu. A karo na farko a rayuwata na ga wurin da ba a ce mini in sunkuya. Kafin shekara ta zagayo na shiga cikin 'yan wasan makaranta, muka riƙa zuwa wasu makarantu muna bugawa. Malama ta ara mini wata tsohuwar ƙwallo da ta sha faci. Na samo kwandon tumatir a wurin wata maƙwabciyarmu, na yanke ƙasansa, na ɗaure shi da waya a reshen mangwaro. Da na dawo daga makaranta sai jifa, har a kira magariba.

Ana nan sai Malama ta zo gidanmu da kanta. Ta ce da Baba za a tara 'yan mata daga makarantu a ba su horo lokacin hutu, daga cikinsu ne za a zaɓi waɗanda za su buga wa jiha, kuma ta sa sunana. Za a kwana can, ba a gida ba. Baba ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya ce zai yi shawara. Da ta fita ya ce da ni, "Uwani, karatu na kai ki. 'Ya mace da yawon garuruwa a bayan ƙwallo? Idan an yi hutu ki mayar mata da ƙwallonta." Baba ba mai faɗa ba ne, a hankali yake magana, kuma abin da ya faɗa a hankali ba ya sake shi. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Ana cikin wannan ne Kaka ta yi mini aika-aika. Na dawo daga makaranta wata rana da yamma, raina a jagule, na ɗauki ƙwallo na jefa. Ta shiga kwando, shiru, ba ta faɗo ba. Na ɗaga kai. Ashe Kaka ta sa an sauko mata da kwandon tun da safe, ta yini tana saƙa masa sabon ƙasa da kaba, saƙa mai kyau, har da ado na ja da kore a tsakiya, sannan ta sa aka mayar da shi reshensa.

"Kaka! Me kika yi mini haka?"

"Au, ba godiya za ki yi ba?" ta ce, tana karkaɗe zaninta. "Kullum ina kallonki, ki wahala ki jefa, abu ya zube ƙasa, ki sake ɗauka. Raina ne ya ɓaci. Jikar masaƙiya guda tana fama da fasasshen kwando, ai abin kunya ne a unguwa."

Na yi mata bayani cewa haka wasan yake, dole ƙwallon ta wuce ta faɗo. Ta riƙe haɓa.

"To in ba ya riƙe komai, me kuke ci a ciki?"

Baba yana alwala a bakin rariya, ya ji. Murmushi kawai ya yi, irin na wanda aka faɗa masa abin da ke ransa. Murmushin nan ya fi mini faɗa ciwo, don na ga ko Kaka ta koma bayansa.

Washegari ina shirin komawa fili da yamma sai na ga ta yafa mayafi ta ɗauki sandarta. Ta ce za ta je ta ga wannan shirmen da idonta. Na so in nutse don kunya. Haka muka tafi, ina rage tafiya tana mita, har filin makaranta. Malama Rifkatu ta kawo mata benci a inuwa. Ta zauna tun daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ba ta tafa ba. A hanyar dawowa abu ɗaya kawai ta tambaye ni.

"Wato in ta faɗo, waɗancan ne za su ɗauka su ruga da ita?"

Na ce eh.

"Da ta tsaya a sama fa?"

Na ce ai da wasa ya tsaya, sai an nemo tsani.

Ta ce, "Uhm," ba ta ƙara ba.

Da maraicen nan muka taru a bakin murhu. Baba yana kan bencinsa a ƙofar ɗaki, ya kara rediyo a kunne. Kaka ta juya masara, ta gyara murya, ta ɗaga ta fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

Muka ce, "Ta iso mu ji ta!"

Ta ce a wani gari an yi wani masaƙin kwanduna da ba a taɓa yin irinsa ba, kwandonsa ko ruwa ba ya zubarwa. Wata rana ya je rafi da almuru sai ya tarar da farin wata ya sauko shan ruwa, ɗan ƙarami, kyakkyawa. Masaƙi ya dube shi, ya dubi sama, ya ga faɗinta da duhunta, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, wannan ɗan abu shi kaɗai a can, in hadari ya haɗiye shi fa? Ya sa shi a kwando, ya rufe da faifai, ya kai ɗakinsa.

"Mugu ne ke nan, Kaka?" wata yarinya ta tambaya.

"Yi mini shiru, uwar surutu. Wa ya ce miki mugu ne? Fura yake dama masa da nono, shi ya kwana da yunwa. Ba wanda ya kai shi son watan nan a duniya."

Ta ce gari ya yi duhu, 'yan mata suka daina fita dandali, matafiya suka riƙa ɓata. Wata kuma yana cikin kwando yana ramewa. Kullum masaƙi ya buɗe faifai sai ya ga ya ƙara sirancewa, sai ya ƙara masa fura, ya ƙara ɗaure murfi, yana cewa iska ce ke shiga. Har wata ya koma kamar yankan farce. A gidan kuwa akwai tsohuwa, uwar masaƙin, wadda ita ta koya masa saƙa. Tana gani, amma ba ta iya yi masa magana. Sai ran nan ta ɗauko wuƙa ta ajiye a kan murfin kwandon, ta koma ɗakinta.

Nan Kaka ta shiga ɓare masara. Na lura rediyon Baba ya daina magana.

"Sai me, Kaka? Ya yanke?"

"Da ƙyar," ta ce. "Yana yanka yana kuka. Wata ya sulale ta ƙasa ya haye sama. Shi ya sa har gobe kuke ganin yana rama, yana tuna zaman kwando, sannan ya sake cika. Kuma duk inda ya je, in ya tashi fitowa, saitin gidan masaƙin nan yake fara leƙowa. Ta ƙare. Wanda bai ƙoshi ba ya sha ruwa ya kwanta."

Yara suka fara watsewa. Sai ta ce da ni, "Gwangwala, tunda Allah ya ba ki tsawo, sauko mini da kwandon can." Na sauko da shi. Ta juya shi a hannunta, ta shafa adon da ta yini tana yi, ta zaro 'yar wuƙar da take gyara kaba da ita, ta ɗora a kai.

"Kai wa Tela. Ki ce masa ni na saƙa, amma idona ba ya gani da dare."

Na kai masa. Ya daɗe yana kallon kwandon. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka ba magani mai ɗaci. Daga baya ya matso kusa da hasken wuta, ya bi gefen saƙar da wuƙa a hankali, yadda yake bin layin alli a kan yadi, har ƙasan ya fita. Ya miƙo mini kwandon ba tare da ya dube ni ba.

"Ki ce wa Inna na ji," ya ce. "Gobe ki biyo ta shago in gwada ki. Ba za ki je mini gaban mutane da guntun wando ba."

Da dogon wandon da ya ɗinka mini na je horon, da shi aka zaɓe ni. Na buga wa makaranta har na gama, na buga wa jiha, daga nan wata ƙungiya a Legas ta ɗauke ni da albashi, har ƙwallo ta kai ni ƙasashen da ban taɓa jin sunansu a aji ba. Kaka ba ta ga wannan ba. Ina ajin ƙarshe ta rasu, ina wani gari muna wasa, sai da na dawo na tarar da murhunta ba wuta. Wannan abu bai daina yi mini ciwo ba.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar nan tawa ce, ni ce wata, an yi mini ita don in haye sama. Na kuma ɗauka Kaka ta ci Baba da hujja, ya gane gaskiya ya sauko. Sai bayan na daina wasa na dawo Kaduna, ran nan ina zaune a shagonsa, ya tsufa har sai an zura masa zare a allura, na tambaye shi abin da ya sa ya yarda a daren nan.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya ce miki na yarda? Uwani, har kika je kika dawo ban yarda ba. Duk tafiyar da kika yi ban yi barcin kirki ba. Uwata ce ta aiko mini da wuƙa."

 Ashe mutumin nan bai taɓa daina jin tsoro ba, ya dai yanke ne da tsoron nasa a ciki, ya kuma ci gaba da ɗinka mini wanduna yana ƙara musu tsawo. Kaka ba ta yi tatsuniyar don ta nuna masa ya yi kuskure ba. Ta san son da yake yi mini, shi ya sa ta hana a kira masaƙin nan mugu.

Yanzu ni ma ina da 'ya, ta gama sakandare, ta sami gurbin karatu a wani gari mai nisa inda ba mu da kowa. Na kawo mata dalilai iri-iri, kuma har yanzu ina ganin dalilaina masu kyau ne. Babu tsohuwar da za ta aiko mini da komai. Ban yarda ba, Allah ya sani ban yarda ba. Amma na gama haɗa mata kaya, gobe da safe ni zan raka ta tashar Kawo.