Mai Zane Ya Nemi a Mayar Masa da Zanensa

Abubuwa da yawa sun faru da ni a garin Madina, wasu na manta, wasu sai an tuna mini. Amma akwai guda ɗaya da na san har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba, shi ne haɗuwata da tsohon da ya zana bangon mujallun da na tashi ina karantawa.

A nan aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa don aikin Hajji, ya iso bayan shekaru, bai koma ba. Muna yara babu abin da muke ɗoki kamar mujallun nan masu ba da labari cikin zane, waɗanda ake kawowa daga Masar da Labanan. Akwai wani bango da ya fi kowanne zama a raina. Yaro ne baƙar fata ya hau can ƙolin sandar jirgin ruwa, ya kare ido da tafin hannu yana hango tudu, manya a ƙasa duk sun ɗaga kai suna jiran abin da zai faɗa. A wancan zamanin, in ka ga baƙin mutum a irin waɗannan mujallu, to ko bara ne ko abin dariya. A makaranta kuma ba a rasa mai ce mana Takari, sunan raini da ake kiran baƙaƙe irinmu da shi. Wannan yaron kuwa shi ne jarumin labarin. Na riƙe mujallar nan har ta yi laushi kamar tsumma.

Na girma, na kama aiki a sashen gyaran layukan tarho, na yi aure, muka zauna a unguwar Al-Azizya. A farkon shekarun casa'in na je hutu Alƙahira, kuma a wani shago a kasuwar tsofaffin littattafai na fara ganin abin da ban san ana samu ba, wato asalin zanen bango, wanda mai zane ya yi da hannunsa kafin a kai maɗaba'a. Ya ninka mujallar girma, a kan takarda mai kauri. Za ka ga sawun fensir a ƙarƙashin tawada, ka ga inda ya yi kuskure ya shafe da farin fenti, wani lokaci har da shatin ɗan yatsansa a gefe. Tun daga ranar na shiga tarawa. Duk hutu sai na koma, mai shagon ya san ni, yana ajiye mini. Yawancin abin da na tara na mutum ɗaya ne, domin na san sa hannunsa a kusurwa tun ina yaro. A tafiyata ta ƙarshe kuwa mai shagon ya zaro mini asalin zanen yaron jirgin ruwan nan. Sai da na nemi wuri na zauna.

Matata ta ce ba za a rataye mata zanen masu rai a bangon gida ba, ni ma ban yi musu ba. Na sa aka yi mini akwatin katako mai faɗi, na jera su ciki da farar takarda a tsakani. Sai wanda na yarda da shi nake buɗe wa.

Wata rana wani abokin aikina, Bahaushen Sudan, ya zo cin abinci gidana. Hira ta kai mu ga yarinta, na ɗauko akwatin. Ya duba na farko, ya duba na biyu, sai ya kai fuskarsa kusa da kusurwar takardar ya daɗe. Ya ɗago ya ce mini wannan sa hannun surukinsa ne, mahaifin matarsa, kuma yanzu haka yana zaune a gidansu a unguwar Jurf, nan Madina. Tsohon ya bar Masar da daɗewa, ya zo ya ƙarasa kwanakinsa a Madina. Ni da na ɗauka mai zanen Bamisire ne, ashe Bahaushe ne ɗan'uwana, kuma tsakanina da shi tafiyar mota ce ta ɗan lokaci.

Na je bayan la'asar. Na tarar da tsoho siriri cikin farar jallabiya, da tabarau mai kauri, yana zaune a kan darduma. Hausarsa irin ta mutanen Sudan ce, rabinta Larabci. Na durƙusa na gaishe shi, daga nan bakina ya buɗe. Na ba shi labarin mujallar da ta zama tsumma, da tafiye-tafiyena, da akwatin. Yana sauraro yana tura mini farantin dabino, bai yi murmushi ba ko sau ɗaya. Da na yi shiru sai ya tambaye ni ko zanen duk suna hannuna a nan Madina. Na ce suna nan lafiya lau, ko ƙura ba ta taɓa su ba.

Sai ya faɗa mini cewa ya bar zane shekaru da yawa. Abin da ya ji game da masu zana abu mai rai, da yadda za a ce su hura masa rai ranar gobe, ya shige shi ya hana shi sukuni. Duk abin da ke hannunsa ya ƙona shi da kansa kafin ya baro Masar. Waɗanda aka buga ba shi da iko a kansu, amma na hannunsa kam yana fatan kada ko ɗaya ya saura bayansa.

Ya ce, "Ɗana, ka mayar mini da su. Kai takarda ka saya, ni kuwa ni za a tambaya."

Na yi sallama na fito. Na zo in gode wa mutum, na koma da roƙon da ban taɓa zato ba.

Na shafe makonni ina juya maganar. Wani abokina mai irin wannan tarin a Jidda ya ce in kawo masa ajiya, in ce wa tsohon na sayar. Ban ga yadda zan kalli mutumin nan in yi masa ƙarya ba. Na tsaya bayan sallah a masallacin Ƙiblatain na tambayi wani malami. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan zanen da ba mutum-mutumi ba, musamman wanda aka yi don yara. Na ɗauki wannan amsa da murna na kai wa tsohon kamar na kawo masa magani. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Na san da saɓanin. Amma ni na kusa, ba ni da lokacin jiran su daidaita."

Na ci gaba da zuwa gaishe shi, shi kuma bai sake ta da zancen ba. Matata ce ta ce mini wannan zuwan da nake yi hannu rabbana ya fi ƙin zuwan ciwo. Ko in kai masa kayansa, ko in bar bawan Allah ya huta da ganina. Abokin aikina kuma ya shaida mini cewa tsohon ya rage cin abinci, kuma duk ranar da shi abokin nawa ya dawo daga aiki sai tsohon ya tambaye shi ko na ce wani abu.

Wata ranar Alhamis da hantsi na ɗauki akwatin na sa a mota. A hanya na riga na sallama, na san wuta za a hura a tsakar gida. Na shimfiɗa su a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ya bi su da kallo har aka zo kan yaron jirgin ruwa. Nan ya tsaya. Ya ba ni labarin cewa a bakin tekun Sudan ya tashi, cikin Hausawa masu jiran jirgin da zai tsallakar da su, kuma yaran wurin ne ya zana. Mai mujallar ya ce baƙin yaro ba zai sayar da bango ba, suka yi ta ja har ya kusa rasa aikinsa, amma bai canja ba. A nan na gane ashe ba ni kaɗai zan yi asara a ɗakin nan ba.

Sai ya kira 'yarsa daga bayan labule ya tambaye ta ko burushinsa na nan. Ta ce yana nan, ba ta zubar ba. Fentin ya bushe, saboda haka ya aike ni maktaba, shagon kayan rubutu, in sayo fari da shuɗi da wasu launuka. Da na dawo ya ce ba zai ƙona mini kayana ba, tunda na wahala a kansu. Teku da sama da jirgi ba su da laifi, masu rai kawai yake da magana da su.

Ni na danne masa takardar. Ya tsoma burushi a farin fenti, ya yi bisimilla, ya ɗora a kan fuskar yaron. Ban iya kallo ba, na mayar da idona kan tagar ɗakin, amma ina jin motsin burushin a ƙarƙashin yatsuna. Da na waiwayo babu yaro, sai wani farin tabo a ƙolin sanda. Ban ɓoye ba, hawaye ya zubo mini, ni da 'ya'yana a gida. Shi ma ya cire tabarau ya share ido da hannun riga, sannan ya ce in miƙo masa shuɗin.

Aikin ya ɗauke mu watanni, duk Alhamis ina zuwa. Ba shafewa kawai yake yi ba. Inda ya cire mutum sai ya cike wurin da abin da ke bayansa, har ba za ka ce an taɓa tsayawa a nan ba. Bangon mahaya raƙuma ya koma sahara da sawu a kan rairayi. Na kasuwa ya koma rumfuna cike da kaya babu kowa. Yana aiki yana koya mini yadda ake haɗa launin teku, wani lokaci har ya yi dariya. 'Yarsa ta ce rabon da ta ga ya cinye abincinsa tas tun suna Masar. Ranar da ya gama na ƙarshe ya wanke burushin da kansa, ya miƙa mini, ya ce yanzu zai yi barci.

Shekarar da ta biyo Allah Ya yi masa rasuwa, aka yi masa sallah a Harami, muka kai shi makabartar Baƙi'a. Abokina na Jidda da ya ga zanen daga baya ya girgiza kai ya ce an lalatar da su, babu mai tarin da zai kalle su. Ta fuskar kasuwa gaskiya ya faɗa. Kuma ba zan ce na daina jin ciwon ba. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a hukuncin ba, wannan na bar wa malamai.

Abin da na koya dai shi ne, son da kake wa aikin mutum bai ba ka iko a kan zuciyarsa ba. Na yi shekaru ina cewa ina ƙaunar mai zanen nan, alhali takardunsa na sani. Da Allah Ya kawo shi gabana da ransa da tsoronsa, sai da na zaɓa tsakanin su biyun. In kana da abin da za ka sake wani ya samu natsuwa a ƙarshen rayuwarsa, ka sake shi tun yana raye, domin bayan nan ko ka saki babu wanda zai amfana.