Ɗacin da Ba Ya Bin Tururi

Hortense Leuba tana 'yar shekara tara ta fara yankan tazargade a gonakin Boveresse, tun gwamnati ba ta hana giyar da ake yi da ita ba. In ta koma gida ta wanke hannu sau uku, ta gutsuri burodi, sai ta ji ɗaci. Har ta tsufa tana cewa ba ta san ɗanɗanon burodin damina ba sai da ta yi aure.

Giyar kuwa ba ta taɓa kai ta baki ba. Mace ce mai ibada, ba ta fashin coci. A wurinta tazargade magani ce, na ciwon ciki da na tsutsa. Da ita ma ta yaye 'yarta Odile, shafa ɗaya a nono yarinya ta kau da kai. Sai Allah ya haɗa ta da Numa mai gyaran agogo, wanda, da aka hana giyar, ya ɓoye tukunyar tagulla ta dafa ta bayan tulin itace a ɗakin wanki, kamar rabin magidantan kwarin. Ran wanki yake hura wutarsa, don kada hayaƙi ya ja ido. Shekara ashirin da bakwai zannuwan gadonta suna ƙamshin abin da ba ta sha.

Zunubin dai tsakaninsa da Mahaliccinsa. Abin da ke ƙona mata rai shi ne Numa ya san tukunya, bai san ganye ba, kuma ba ya tambaya. Ita ta sani tun a gona: ɗacin babbar tazargade yana narkewa a ruwa, yana narkewa a barasa, ɗigo ɗaya ya ɓata bokiti, amma ba ya bin tururi. In an ɗora a wuta, ƙamshin ne ke tashi ya bi bututu ya sauko garau, ɗacin ya zauna a gindin tukunya. Shi ya sa babbar kafin wuta ake sa ta. Bayan wuta, in ana son launin kore, sai a jiƙa ƙarama mai laushin ganye, wadda ɗacinta kaɗan ne. Tun da aka kafa dokar ma kowa ya bar rini, don fara ta fi kama da ruwa a idon ɗan sanda.

Da aka sa ranar auren Odile da wani saurayin garin Pontarlier da ke ƙetaren iyaka, Numa ya cika baki a gaban uban ango, tsoho Faivre, cewa zai shayar da shi koriya irin ta zamanin samartakarsu. Ƙaramar tazargaden da ta rage a lambun Hortense kuwa sanyin bara ya kashe ta.

Ran Laraba, saura kwana uku biki, ta tare shi a ƙofar ɗakin wanki.

"Baban Odile, mene ne a hannunka?"

"Ganye."

"Ai ba makauniya ba ce ni. Babba ce. Ina za ka da ita, bayan ka sauke tukunya?"

"Ƙaramar ta mutu. Ya da ƙanwa ne, jini ɗaya."

"Ni ma ina da ƙanwa. Don me ba ita ka aura ba?"

"Ke da ko kurɓa ba ki taɓa yi ba, ke za ki koya mini? Je ki ji da girkinki."

"Ban kurɓa ba, amma na ci ta da burodi shekara biyar."

Ya raɓa ta ya wuce, ya tura damin nan cikin giyar bikin duka.

Ran Alhamis da hantsi ya ƙwala mata kira. "Uwargida, zo ki ga aikin maza!" Abin ya yi kore shar, kamar ciyawa bayan ruwa. Ya tsiyaya a kofi ya kurɓa. Ta ga wuyansa ya sanƙare, ido ya kawo ruwa.

"Yana da... ƙarfi," in ji shi.

"To shanye mana, gwani."

"In ya kwana zai kwanta."

"Ya shekara ma."

Yinin nan ya zuba sukari, ya ƙara ruwa, ya tace da sabon mayafin teburinta har ya rine shi. Ɗaci na nan daram. Hortense na fere dankali tana hango baƙi sittin, da surukai daga ƙetaren iyaka waɗanda ba sa manta abin dariya. Odile za ta shiga gidan nan a matsayin 'yar mutumin da ya shayar da su maganin tsutsa, har jikoki sai sun ji.

Ran Juma'a da safe ta durƙusa ta yi addu'a, ta daɗe. Ta tashi ta kwaso zannuwan da ta wanke shekaranjiya, ta tsoma a ruwa ta shanya, don maƙwabta su ga dalilin hayaƙi.

"Mayar da shi tukunya," ta ce da Numa. "Ƙara ruwa. Hura wuta."

"Duka? Ai koren zai tafi!"

"Da koren da ɗacin tare suka shiga, tare za su zauna."

"Na yi wa Faivre alkawari, Hortense."

"Ni kuma na haifi Odile. Hura."

Ita ta zauna gaban murhu tana janye itace in wuta ta yi yawa, tana ƙunƙuni, ita da ba ta taɓa kallon tukunyar nan ba sai da harara. Can ya fara ɗiga, garau kamar ruwan rijiya. Ta shinshina, ta miƙa masa. Ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa. Ko sannu bai ce mata ba.

Ran Asabar tsoho Faivre ya ɗaga kofi ya duba. "Suruki, ina koren?"

"Kore? Wannan ai kwalliya ce ta mutanen birni," in ji Numa, ko kunya. Ya tsiyaya ruwan sanyi a kai, abin ya juye ya zama kamar madara. Faivre ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce bai sha mai laushin wannan ba tun yana soja.

"Sirrin dahuwa biyu ne," in ji Numa. "Ni na gano shi."

Hortense ta dire kwanon nama a gabansa har romo ya fantsama masa a riga. Amma Odile ta fita daga gidan kanta a ɗage, surukai na sa albarka.

Kashegari Hortense ta nemi gafara biyu a coci: ta wutar da ta kula, da ta abin da ta raya wa mijinta a zuci. Ragowar koren da ya zauna a gindin tukunya kuwa ba ta zubar ba, ta ɗura a kwalba. Daga ranar, duk sanda Numa ya ce cikinsa na ciwo, cokali guda take cika masa, ta tsaya a kansa sai ya haɗiye.