Saƙon Mutuwar da Muka Kai Gidan Sori

A shekarar da sojoji suka yi alkawarin mayar da mulki hannun farar hula, ina aikin sakatariya a buron wata ƙungiyar taimakon manoma a Maraɗi. Muna da malaman gona barjat a ƙauyuka, tun daga yankin Gidan Rumji a yamma har Agye da Gazawa a gabas. Ban jima da kama aikin ba, don haka yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Tsohon daraktanmu, wanda ya san kowa har kakansa, ya ajiye aiki ya shiga takarar magajin gari. Aka turo mana sabo daga Yamai.

Sabon darakta ya zo da sabon tsari. Aka girka wata babbar na'ura a ɗakin da ke bayan teburina. Ita za ta riƙe sunan kowane ma'aikaci, da garinsa, da lambar wayarsa, da kalmar sirrin buɗe asusunsa. Da wannan asusun ne kowa zai riƙa shiga kwamfutar ƙaramin buron yankinsa ya aiko rahoto. Wani injiniya ya zo don wannan aikin. Na zaci ɗaya bayan ɗaya za mu shigar da mutanen, sai ya yi dariya. Ya haɗa sunayen da buron Agye ya aiko da na Gidan Rumji wuri guda, ya sa na'ura ta ƙirƙira wa kowa kalmar sirri, ya danna sau ɗaya. Rubutu ya shiga gudu a allo kamar an kwance famfo, kafin shayina ya huce an gama.

A ƙarshe wani ɗan layi ya fito da Faransanci, wai suna ɗaya ya zo sau biyu, na baya ya maye gurbin na farko. Sunan shiga kuwa sunan mutum ne haɗe da na mahaifinsa.

"Kullum haka ake yi, madam," in ji injiniyan. "Akan rubuta mutum sau biyu, ita kuma sai ta gyara."

Muka buga kalmomin sirrin, kowa da ambulan ɗinsa, direba ya rarraba. Injiniya ya koya mini yadda ake duba mutum da yadda ake rufe asusu, ya koma Yamai.

Bayan kaka, wata safiya, jandarmomi suka kira buro. Mota ta buge wani mai moto, wato babur, a kan hanya kusa da Agye, ya cika nan take. Wayarsa ta farfashe, amma an sami katin aikinmu a aljihunsa, katin da ba shi da hoto. Suka karanto sunan. Na buga shi a na'ura, mutum ɗaya ya fito: malamin gona, Gidan Sori, can yankin Gidan Rumji. Muka kira lambar, a kashe take. Darakta ya ce irin wannan labari ba a aika shi, kai shi ake yi. Ya ce in biyo su, shi da direba, saboda matan gida.

A ƙofar gidan muka tarar da wan mutumin, dattijo, yana gyaran amalanke. Darakta ya ja shi gefe ya faɗa masa. Dattijon ya yi salati ya zauna a ƙasa. Ya ce tun jiya ƙanensa ya hau moto zuwa Maraɗi neman kayan gyara. "To mi ya kai shi hanyar Agye?" Ya yi tambayar, ya kuma amsa wa kansa cewa ajali ne ya kira.

Na bi wata tsohuwa zuwa cikin gida. Matar tana sheƙar wake, da goyo a bayanta. Ta yi mini maraba, har ta juya za ta ɗebo ruwa. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce, "Ɗiyata, sai haƙuri." Faifan ya suɓuce, wake ya watse ko'ina. Ba ta yi ihu ba da farko, ta dai riƙa kallon bakina kamar zan janye maganar. Daga baya kukan ya zo, ya tara unguwa. Nan da nan gida ya cika. Aka shimfiɗa tabarmi a waje, liman ya zo, samari suka ɗauki magirbi suka nufi maƙabarta, ana shirya waɗanda za su bi motarmu a ɗauko gawa.

Ina zaune cikin mata sai na ji ƙarar moto ta tsaya. Surutun waje ya ɗauke ɗif. Sai ga wani mutum ya faɗo cikin gida, da sabuwar taya rataye a kafaɗa, idonsa jajir.

"Wa ya rasu? Inna ce? Ku gaya mini!"

Mata suka watse, wasu ta kan katanga. Matarsa ta miƙe ta taka zuwa gare shi, ta taɓa rigarsa, sai ta sulale ƙasa sumammiya. Ni kuwa na bi shi da kallo. Ban san shi ba, amma na gane ko wane ne. Na ga darakta a bakin zaure, baki buɗe, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf.

Da aka yayyafa wa matar ruwa ta farfaɗo, aka aika a tsayar da masu haƙa, mutumin ya zauna ya saurari bayaninmu. Wayarsa caji ne ya ƙare. Ya ciro katinsa daga aljihu ya duba. Can ya dafe kai.

"Innalillahi. Takwarana ne na Gangara, can yankin Agye. Sunanmu ɗaya, sunan ubanmu ɗaya. Tare aka ɗauke mu aiki."

Sai a lokacin ɗan layin nan na Faransanci ya faɗo mini. Ba mutum ɗaya aka rubuta sau biyu ba. Mutum biyu ne, na'ura ta shafe ɗaya.

Wan nasa bai yi mana faɗa ba, ya dai ce mu tashi, akwai gidan da bai sani ba tukuna. Mutumin ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Matarsa ta riƙe shi tana cewa ba inda za shi, da kyar tsohuwar ta ɓamɓare hannunta.

Muka ratsa Maraɗi ba mu tsaya ba. Motocin 'yan siyasa na wuce mu da kiɗa da tutoci. A likitar Agye, wato asibiti, shi ne ya shiga ya duba fuskar, ya fito ya gyaɗa kai. Muka isa Gangara da gawar bayan la'asar. Mahaifin mamacin, wani tsoho dogo, makiyayin da ya zauna ya koma noma, yana ganin motar ya miƙe tsaye. Darakta ya ja baya. Mutumin Gidan Sori ne ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya yi wa ɗan'uwana cikawa."

Bayan an dawo daga maƙabarta, ƙanen mamacin ya matso kusa da darakta. Ba da zafi ya yi maganar ba.

"Yallaɓai, wurinku fa ya nufa. Tun da aka kawo ambulan ɗin nan abin ya ƙi buɗe masa. Ya je Agye ya gwada ya gaji, suka ce sai Maraɗi. Yana tsoron a ce ba ya aiko rahoto."

An ba kowannensu ambulan, amma kalmar mutum ɗaya ce kawai na'urar ta riƙe. Ina daga bakin zaure na ji wannan, na koma cikin mata na zauna. Wata ta miƙo mini fura, na karɓa na riƙe har ta karɓe abinta.

Injiniyan ya dawo a makon. Da aka gaya masa, ya ja kujera ya zauna gaban allo. Ya sake shigar da kowa daga farko, wannan karon da lambar aiki a jikin kowane suna, ya kuma sa na'urar ta riƙa tsayawa cak in ta ga suna biyu iri ɗaya. Don takardun iyalin mamacin su fita, sai da aka buɗe masa asusu da sunansa da garinsa, sannan aka ce in rufe. Na rufe, na nemi izini na tafi gida.

Mutumin Gidan Sori ya ci gaba da aiki da mu shekaru. Matarsa kuwa, ko da na je sunan ɗansu na gaba da turmin atamfa, ta gaishe ni da ladabi, amma ba ta yarda mun haɗa ido ba.