Burtalin da Ya Karkata Layinmu

Lokacin da aka fara zama a unguwarmu, cikin ƙasar Kurfai, babu takarda. Mai son fili sai ya je wurin mai unguwa, shi kuma ya kira dattawa uku, cikinsu har da babana. Su auna da taki, su kafa turaku, a yi fatiha. Abu biyu ne ba a taɓawa: hanyar ruwa, da burtalin da shanun Fulani ke bi su sauka rijiya.

Ina malamin lakwal, wato makarantar boko, aka zo da lotisma, yankan filaye irin na gwamnati. Wani mai awon fili ya taho daga Yamai da taswira, layuka a miƙe kamar an ja zare. Mun yi murna, don an ce famfo da wuta ba sa shiga unguwa sai da layi. Ba wanda ya lura filaye huɗu sun hau burtali.

Da kaka shanu suka dawo, suka tarar da bulo a hanya, suka ratsa dangar wata tsohuwa. Washegari ardo ya yi sallama a ƙofarmu.

"Malam, mu ba mu ga takardag ga ba," ya ce wa babana. "Ina za mu bi?"

Babana ya ce, "Ka yi haƙuri, ardo. Ba a tambaye mu ba, mu ma ba mu tambaya ba."

Daga nan aka kafa komite, aka sa ni rubutu saboda ina jin Faransanci. Aka yanke shawara a karkata layin, a tashi filayen nan huɗu, a bar wa shanu burtalinsu. Abin da ya fi yi mini nauyi, ɗaya daga filayen nan na yayana ne, har ya zuba tushe. Ni na karanta masa shawarar a gaban jama'a. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Na ji, malam." Bai taɓa kirana malam ba sai ranar. An ba shi wani fili can baya, nesa da kasuwa, kuma damina guda bai tako gidana ba.

Da farko maza ne kaɗai a komite. Daga baya makiyaya suka sami kujera biyu. Mata kuwa ba su jira gayyata ba: gwaggona ta zo da tabarmarta ta shimfiɗa, ta ce inda aka shirya kafa famfo ya yi wa masu tulu nisa. Aka matsar da shi.

Yanzu ba a kafa dutsen iyaka sai an karanta taswira da Hausa a gindin itacen bedi. Zaman yana da tsawo, ana gardama har la'asar ta kama. Yayana ya shiga komite bara, kuma ya fi kowa yawan tambaya.