Kwalbar Lokoja da Gwiwar Inna

Akwai kwalbar da ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Shekaru kaɗan ne kafin Nasara su ci Kano, ina ƙaramin malami a Birnin Kudu, kai cike da girman kai, don duk takardar da ta shigo unguwa ni ake kawo wa.

Wana bafatake ne. Ya dawo daga Lokoja da wata 'yar kwalba, ya ce maganin Turawa ne na ciwon gwiwar da ya zaunar da mahaifiyarmu. A jikinta akwai rubutu layi biyu, da wani ɗan karan zane a ƙarshen layin sama. Ya miƙo min a gaban jama'a ya ce, “Malam, ludayi nawa za ta sha?”

Ko harafi ɗaya ban gane ba. Amma a wurinmu magani mai rubutu sha ake yi, kuma kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na gyara murya na ce ludayi ɗaya. Inna ta dube ni daga kan tabarma.

“Karantawa ka yi, ko kintata?”

Na sunkuyar da kai. Ta ce to ba da cikinta za a koyi karatu ba.

Washegari na hau jaki zuwa Gwaram, wurin wani tsoho da ya yi shekaru yana yi wa Turawa girki a Ikko, can bakin teku, har ya tsinci baƙaƙensu. Na same shi yana ɓarar gyaɗa. Ya karɓi kwalbar, ya ga na fara nuna rubutun daga dama, ya yi murmushi ya mai da yatsana hagu. Ya ce zanen nan alama ce kalmar ba ta ƙare ba, wuri ne ya yi kaɗan, sauranta na ƙasa. Sai ya rarraba min ita gaɓa-gaɓa yana tafawa: li, ni, men.

“Me take nufi, Baba?”

“Man shafawa. A murza a inda ke ciwo.” Ya cire murfin ya shinshina. “Na ga wani ɗan dako ya kurɓi irinsa. Kafin la'asar muka yi masa sutura.”

Duk tsawon hanyar komawa ludayin nan kawai nake gani, a hannuna, a bakin Inna. Ban taɓa jin tsoron kaina kamar ranar ba.

Na shafa mata da hannuna. Gwiwar ba ta warke sarai ba, amma ta ƙara damina tara a duniya, kuma duk baƙon da ya zo sai ta nuna ni ta ce ga malamin da ya kusa karanta ta zuwa kushewa.

Tun daga nan na koyi cewa “ban sani ba” a gaban kowa. Kalma uku ce, amma sai da na kusa binne uwata kafin bakina ya iya furta su.