Mbotizara Mai Ciyar da Hawainiya

A gidan su Mbotizara ba a taɓa hawainiya. Haka ta taso ta tarar a ƙauyensu na bakin kogin Sambirano. In ka ga tana ƙetare hanya sai ka tsaya ka ba ta haƙuri ta wuce, don ba ka san ko wani daga cikin kakanni ne ya fito shan iska ba. Sai ga shi ta auri Jaoravo, wanda kama su ne sana'arsa. Dogo ne mai yawan dariya, ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne, adda ta sare shi a gonar koko. Abin da ya kama yana kai wa wani ɗan kasuwa a Ambanja mai suna Tsimanova, shi kuma ya tura ƙasashen Turawa, inda aka ce a ɗaki ake ajiye su kamar kyanwa.

Shekararsu shida da aure reshe ya karye da Jaoravo yana miƙa hannu zai kamo wata. Ya yi kwana biyu bai farfaɗo ba, ya cika. A wurin makoki uwar Mbotizara ba ta ɓoye ba, ta ce, "Na faɗa muku. Wanda ya sayar da kakanni, su za su sauko da shi."

'Ya'ya mata biyu ya bar mata, gona babu. Da Tsimanova ya ce yana neman mai ciyar da dabbobin kafin ranar lodi, ta karɓa, da sharaɗin ba za ta taɓa ko ɗaya da hannu ba. Da sanda take ɗaukarsu.

Ba wanda ya koya mata aikin. Makon farko ta zuba musu matattun fari a faranti kamar kaji, ba wadda ta ko kalla. Ta ajiye ruwa a gwangwani, suka ƙi sha. Sai ta zauna tana kallon na daji a kan shingen gidan Tsimanova, har ta gane. Hawainiya ba ta cin abin da ba ya motsi. Ruwa kuma sai ta gan shi yana ɗiga a kan ganye. Tun daga nan kullum da sassafe tana cikin gonakin shinkafa tana kama fari, raɓa ba ta sake musu fiffike ba tukuna. Ta yi kiwon gyare a tsohuwar ganga, tana ba su ganyen rogo da ɓawon mangwaro, kafin ta sake su a keji ta barbaɗe su da garin ɓawon ƙwai. Sa'an nan ta ja baya ta yi shiru. Hawainiya za ta taho tana rangaji kamar ganyen da iska ke kaɗawa, ido ɗaya a gabas ɗaya a yamma, sai ka ga duka biyun sun haɗu a kan fara guda. Kafin ka ƙifta, harshe ya fita ya koma.

Yayarta Soaniry, mai toya wainar shinkafa a bakin ƙofar gidan, ba ta barin ta sakat. "Uwar fara, an dawo? 'Ya'yan naki sun karya, ko sai an yi musu miya?"

"Sun fi naki ladabi, Yaya. Ba su taɓa zagina ba."

A shekararta ta goma sha biyu a aikin aka kawo wani babban namiji, shuɗi da ratsin ja, wanda ya rasa yatsa ɗaya a ƙafar gaba ta hagu. Ya ƙi ci. Ta ba shi fara, ta ba shi kyankyaso, ta ba shi malam-buɗe-littafi, ko motsi bai yi ba. Amma da ta tunkaro kejin sai idanunsa biyu su haɗu a kanta, yadda suke haɗuwa a kan abinci, su tsaya cak. Harshe ba ya fita. Kallo kawai.

Soaniry ta leƙo a rana ta shida, ta dube shi, dariya ta ɗauke mata. "Mboty, kin ga hannunsa kuwa?"

"Ƙafa ce, Yaya."

"To, ƙafa. Ni dai na tafi, waina za ta ƙone."

Ranar Mbotizara ta ɗauke shi a sanda ta kai shi kan itacen koko na bayan gida, ta zauna a ƙasa. Sai da rana ta karkata ya yarda ya kawar da ido daga kanta, ya bi reshe a hankali, ya kama ƙuda. Ta fashe da kuka ita kaɗai. Kullum haka suka yi har sati uku, ya yi ƙiba, launinsa ya fito. Ba abin da ya hana ta tashi ta bar shi a kan itacen. Amma kullum sai ta miƙa sanda, shi kuma sai ya hau.

Ranar lodi Tsimanova ya yaba ƙwarai. "Wannan shi ne sarkin akwatin. Hannunki da albarka, matar Jao." Ita ta riƙe bakin jakar yadin da aka saka shi.

Bayan wata biyar Tsimanova ya kira ta yana murmushi, ya miƙa mata wayarsa. "Zo ki ga ɗanki, ya zama Bature."

Hoton wani akwatin gilashi ne, da fitila a sama, da reshen roba. A ƙasa kwanon ruwa, gefensa kwano cike da busassun gyare. Ta gane ƙafar. Haƙarƙarinsa duk a waje, idanunsa a rufe, ga hasken rana a tagar ɗakin.

"Maigida, mutuwa yake yi."

"Barci yake, ke dai."

"Ba sa barci da rana."

Ta je wurin malamin makarantar 'ya'yanta ta zaunar da shi, ta faɗa yana rubutawa da Faransanci: a ba su mai rai, a yayyafa wa ganye ruwa safe da yamma, a ja baya in za su ci. Tsimanova ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya bar ta tana saka takarda a kowane akwati. Shekara bakwai tana sakawa. Amsa ba ta taɓa zuwa ba. A tsakanin nan ta daina iya cin abinci in ana kallonta, sai ta ɗauki kwanon shinkafarta ta juya wa mutane baya. In ta bi ta gonar koko takan ji ido a ƙeyarta, ta waiwaya, ganye ne kawai.

Da ganinta ya yi rauni ta bar aikin. Yanzu takan zauna kusa da tandar Soaniry a tashar mota, in Turawa masu yawon buɗe ido suka sauka ta tare mai yi musu tafinta. Tambayarta ɗaya ce, ko akwai mai hawainiya a gida. Yawanci dariya suke yi. Bara wani mai jan gemu ya ce shi ya taɓa saye.

"Tambaye shi me ya ba ta," in ji ta.

"Ya ce abin gwangwani, na kanti."

"Akwai takarda a akwatin?"

Baturen ya ɗaga kafaɗa. Shi a kanti ya saya, bai ga akwati ba. Wata huɗu hawainiyar ta yi a hannunsa. Ya ƙara da cewa ranar da za ta mutu ta yi wani irin kyau, launuka duk suka fito, har ya ɗauka ta warke.

Mbotizara ta gyaɗa kai. Soaniry ta kwashe waina uku masu zafi ta naɗe wa baƙon a ganyen ayaba, direba ya danna hon, suka shiga mota.